Jawabi a Kan Sadaka da Hidimar Jama'a, Ranar Aza Harsashin Masallaci a Gagarawa Tasha



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki wanda ya nufe mu da ganin wannan rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wakilin Mai Martaba Sarkin Gumel, Allah ya ja zamanin Sarki. Ranka ya daɗe Hakimi, tare da dagatai da masu unguwanni. Allah ya gafarta Malam Liman da sauran malamanmu. Shugaban taro, 'yan kwamitin gini, manyan baƙinmu da suka taso daga Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da sauran wurare, iyayena maza da mata, 'yan'uwana samari, ina gaishe ku duka gaisuwar ban girma.

Ran da takardar kwamiti ta iske ni a ofis a Dutse, cewa ana so in yi magana a wannan taro, na ji nauyi ƙwarai da gaske. Cikin rumfar nan akwai wanda ya raɗa mini suna, akwai wanda ya rubuta mini allona na farko, akwai kuma waɗanda suka sha korata daga kan dogo ina yaro. Saboda haka ban zo yin wa'azi ba, wa'azi yana da masu shi, ga su nan zaune. An umurce ni ne in faɗi abin da idona ya gani a zaman da na yi a ƙasar waje game da sadaka da hidimar jama'a. In na yi kuskure, iyayena su gyara mini.

Kafin in kai ku nesa, ku yarda mini in fara daga ƙofar gida. Sunan garin nan namu shi kansa labari ne. An ce Tasha domin nan jirgin ƙasa yake tsayawa, a kan hanyar dogo da ta taso daga Kano, ta bi ta Ringim da Taura, ta ratsa nan, ta wuce Malam Madori da Birniwa, har ta tuƙe a Nguru cikin shekarar 1930. Gyaɗa ce ta jawo dogo, dogo kuwa ya jawo mutane. Iyayenmu sun sha gaya mana yadda wurin nan yake cika da kaka, ga masu awo, ga 'yan dako, ga masu raƙuma da jakuna. Gidaje da yawa da muke kira na 'yan gari a yau, kakansu da ƙunshin kayansa ya sauka, wani ya ba shi ruwa, wani ya ba shi masauki, aka nuna masa alƙibla. Gyaɗa ta ja baya tun daga farin 1973 da cutar da ta faɗa mata a 1975, riɗi da soɓorodo suka maye gurbinta, amma halin karɓar baƙo bai tafi tare da ita ba. Ban san darajar wannan hali ba sai da ni ma na zama baƙo.

Cikin watan Satumba na 2023 na tafi ƙaro ilmi na shekara guda a wani birni na arewacin Ingila. Ba zan gajiyar da ku da labarin sanyi ba, ko da yake hunturun da muke kuka da shi a nan wasa ne in an kwatanta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gajartar yini. A watan Disamba rana takan faɗi tun kafin ƙarfe 4 na yamma, watau Azahar da La'asar da Magariba duk sukan taru cikin kamar awa huɗu, in mutum bai yi hattara ba darasi ɗaya sai ya cinye masa salla biyu.

Masallacin unguwar da na sauka ba a gina shi don ya zama masallaci ba. Tsohon ɗakin ajiyar kaya ne, mutanen Fakistan da Bangaladash waɗanda suka je ƙasar neman aiki a masaƙu suka tara kuɗi suka saya. Ba shi da hasumiya, ba shi da ƙubba, har dardumar ma a karkace aka shimfiɗa ta, domin ginin bai fuskanci alƙibla ba. A nan na yi sallolina, a nan kuma abin da zan ba ku labari ya faru.

Kuɗin da na tafi da su, da waɗanda nake jira daga gida, duk da Naira aka lissafa su. To, kun san abin da ya sami Naira. Fam ɗaya na Ingila, wanda a farkon 2023 bai kai Naira 1,000 ba, kafin ƙarshen watan Fabrairu na 2024 ya haura Naira 2,000 a kasuwa. Guzurin da aka ƙiyasta zai kai ni ƙarshen karatu sai ga shi ya ƙare tun azumi bai kama ba. Dokar ƙasar ta yarda ɗalibi ya yi aikin awa 20 a mako, na kuwa sami aikin jera kaya a wani kanti da dare, amma kuɗin haya yake lashe abin da na samu. Azumin wannan shekara ya kama cikin watan Maris, ya same ni ina sahur da ruwan shayi da busasshen burodi. Ban gaya wa kowa a gida ba. Yaya zan buɗe baki, alhali duk garin nan an san ina Turai, wasu ma suna jiran tsaraba?

Kullum da Magariba ana buɗa baki a masallacin, kyauta, ga duk wanda ya zo. Sai na zama ina cikin na farkon zuwa da na ƙarshen tashi, in an watse in naɗe abin da ya rage a takarda in sa a aljihun rigar sanyi, ina waige-waige kada a gan ni. Jama'a, ni ne fa wanda a ƙofar gidanmu ake miƙa wa almajiri saura, ni ne wanda ake kira ma'aikacin gwamnati.

Akwai wani dattijo mutumin Fakistan, tsohon direban bas da ya yi ritaya, shi ke kula da kwanuka. Ashe yana lura da ni. Wata rana bayan Tarawihi ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ɗana, muna neman mai ƙarfi ranar Asabar, bayana ya daina ɗaukar kaya." Na je. A bayan masallacin akwai wani ɗaki cike da abincin da jama'a ke kawowa, shinkafa da mai da madara da abincin gwangwani, ana ƙullawa ana kai wa mabukata na unguwar, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Na yini ina ɗauka ina jerawa. Da yamma dattijon ya miƙo mini jaka cike, ya ce wannan rabon mai aiki ne. Haka muka yi ta yi kowace Asabar har na gama karatu. Sai ana sauran kwanaki in dawo gida na lura cewa cikin samarin da muke aikin tare ba wanda ake ba jaka sai ni kaɗai. Ashe sadaka ce yake ba ni, ya yi mata kamannin lada domin kada kunya ta kashe ni.

Tun muna makarantar allo muke jin malamai na faɗin gargaɗin da ke cikin Suratul Baƙara a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa. Na san maganar da ka, amma ban fahimce ta ba sai da na tsaya a inda mai karɓa yake tsayawa. Tun daga ran nan, in na ga an jera marayu ko zawarawa a rana, an ɗora musu buhu a ka ana ɗaukar hotonsu don a watsa a Facebook, sai in ji abin ya soke ni. Ina roƙon arziki, duk alherin da za a raba daga wannan masallaci, a raba shi ba tare da an tona asirin mai karɓa ba.

Abu na biyu da na gani yana bakin ƙofa ne, kusa da inda ake ajiye takalma. Wani allo ne da ake liƙa takarda a jikinsa. Kowane mako ana rubuta abin da aka tara ranar Jumma'a, da abin da aka biya na wuta da na ɗumama ɗaki da albashin liman, da sauran bashin da ake bin masallaci, domin wasu sun ba da rance ba ruwa lokacin da aka sayi ginin, ana biyansu kaɗan-kaɗan. Na tambaya, aka ce mini ai doka ce ma. A Ingila akwai hukumar gwamnati mai kula da ƙungiyoyin agaji, kuma duk ƙungiyar da ke da rajista, in abin da take samu a shekara ya wuce fam 25,000, tilas ta aika da cikakken lissafinta, a sa shi a intanet kowa ya gani. Bugu da ƙari, in mai biyan haraji ya ba da fam ɗaya ya sa hannu a takarda, gwamnati takan ƙara wa ƙungiyar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya bayar. Saboda haka ba wanda ke wasa da rasit.

Na ziyarci wani babban masallaci a gabashin Landan, a kan titin Whitechapel, tarihinsa ya ƙara buɗe mini ido. A shekarar 1910 wasu Musulmi, cikinsu har da alƙalin nan na Indiya Sayyid Amir Ali, suka kafa asusun gina masallaci a Landan. Ba su sami wurin kansu ba sai 1941, shi ma gidaje ne aka gyara. Ginin da yake tsaye yanzu sai a 1985 aka buɗe shi, da gudummawar Sarki Fahad na Saudiyya da ta talakawan unguwa. Shekara 75 ke nan tsakanin kafa asusu da buɗe masallaci. An yi yaƙin duniya biyu a tsakani, waɗanda suka fara duk sun mutu, amma amanar ba ta salwanta ba, kuma littafin da suka riƙa rubuta zaman kwamitinsu yana nan har yau a ajiye. Ba ina yi mana fatan shekara 75 ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake so ku duba shi ne, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba sun miƙa wa juna amana ta hanyar rubutu.

Kada iyayena su ɗauka na dawo ina yabon ƙasar mutane ina kushe tawa. Na shekara a gida ɗaya ban san sunan maƙwabcina ba. Na taɓa kwana uku ina zazzaɓi ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, alhali a nan in mutum bai fito Asuba biyu a jere ba, za a aika yaro ya dubo lafiya. A can tsoho yakan mutu a ɗaki shi kaɗai, sai bayan kwanaki a sani. Su tsari ne ya tsaya musu a madadin zumunci. Mu kuwa zumunci muna da shi, kuma mutanenmu ba marowata ba ne. Wa zai manta da watan Oktoba na 2024, lokacin da tankar mai ta yi gobara a Majiya ta ƙasar Taura, mutum fiye da 150 suka rasu? Ba wanda ya jira a roƙe shi, kowa ya kai abin da yake iyawa. In masifa ta faɗo ko an kira gidauniya, hannunmu a buɗe yake. Inda muke rauni shi ne bayarwa ta kullum, 'yar kaɗan wadda ba ta yankewa, da kuma rubuta abin da aka bayar.

Ga abin da nake jin tsoro, zan kuwa faɗe shi ko da yake ranar murna ce. Duk mai bin hanya tsakanin nan da Kano ya ga masallatan da aka aza harsashinsu da taro irin wannan, gini ya kai linta ya tsaya, rodi ya yi tsatsa, awaki na kwana a inda liman zai tsaya. Ba mutanen banza ne suka fara su ba. Ranar gidauniya an yi shelar alkawura da lasifika, an yi kabbara, an watse. Bayan wata shida ma'aji yana bin gidaje ana ce masa maigida ba ya nan. Sa'an nan siminti ya tashi, sai a fara raɗe-raɗi, ina kuɗin da aka tara? Ma'aji mai gaskiya ya ji an taɓa mutuncinsa ya ajiye aiki, wanda ya gaje shi bai tarar da ko takarda ɗaya ba. Daga nan kowa ya janye hannunsa. Mu ma'aikata muna da kaso babba cikin wannan laifi, domin mu ne muka fi kowa iya alkawari a gaban jama'a. A ofis kuma ina ganin takardun neman taimako na masallatai da makarantu. Kusan dukansu sukan faɗi abin da ake bukata, amma ƙalilan ne ke faɗin abin da aka riga aka tara da inda aka kashe shi, kuma ina tabbatar muku waɗannan ƙalilan su mai karatu ya fi tsayawa a kai.

Saboda haka roƙona ga kwamiti shi ne a kafa allo tun yau, tun ba a ɗora bulo na biyu ba. Kowace Jumma'ar ƙarshen wata a liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita, buhun siminti nawa, tifar yashi nawa, ladan magina nawa, a kuma karanta da baki saboda waɗanda ba su karatun boko. Wanda ya ba da kuɗi a ba shi rasit ko da Naira 100 ce, wanda kuma ba ya so a ambaci sunansa a rubuta wani bawan Allah. Wannan ba tuhumar ma'ajinmu ba ce, mun san shi mun san gidansu. Garkuwa ce gare shi.

Har wa yau, ya kamata mu yi tunanin ranar da aka gama gini. Wa zai sayi tabarma in ta tsufa? Wa zai gyara kwano in iskar bazara ta yaye shi? Da me liman da ladan za su riƙe iyalinsu? Musulunci ya riga ya ba mu hanya, watau hubusi, wanda ake kuma kira waƙafi, yana nan cikin Risala da malamanmu ke karantarwa a zaure. Sayyidina Umar ya sami gona a Haibara, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shawarce shi ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Ina ganin in aka fitar da 'yan shaguna a jikin katanga ta wajen hanya, ko wani mai hali ya ba da gona samari su riƙa noma riɗi da gayya, masallaci zai riƙe kansa, ba sai an riƙa zagayawa da kwano kowace Jumma'a ba. A nan ina neman malamai su ƙara wa jama'a bayani, domin na ji wasu na cewa za su kawo zakkarsu a sa a gini, alhali abin da muka koya a mazhabarmu shi ne zakka tana da masu ita, ba a gina masallaci da ita.

Maganar ruwa kuma kada a bar ta sai ƙarshe. Kun san ƙasarmu, rairayi ne, rijiya kuwa sai an yi zurfi. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. In Allah ya hore aka haƙa burtsatse mai aiki da hasken rana, a fitar da famfo ɗaya waje da katanga, yadda mata da yara za su ɗiba ba tare da sun ratsa sahu ba, makiyayin da ya nufi kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis shi ma ya sha ya cika gorarsa.

'Yan'uwana samari, na san da yawanmu aljihu ba nauyi. A masallacin can na ga likita yana wanke makewayi ranar da sunansa ya faɗo cikin jerin masu aiki, na ga lauya yana cika wa baƙi takardu kyauta. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, aikin gayya ne, sai dai su sun rubuta wa kowa ranarsa. Lokacin da aka gina masallacin Madina, Annabi da kansa ya ɗauki tubali tare da sahabbai. Akwai kuma wata mata da ke share masallacin, ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, da ya rasa ganinta ya tambaya, ya sa aka nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla. To, bulo yana bukatar ban ruwa safe da yamma, yashi yana bukatar tankaɗe, kayan aiki suna bukatar mai gadi. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ke cikinmu su ma suna da abin bayarwa wanda ba kuɗi ba. A rubuta sunaye, kowa ya san ranarsa.

Game da 'yan'uwanmu da ke Legas da Fatakwal da Saudiyya da Libiya da Turai, ina roƙon a sassauta musu. Wanda kuke gani a hoto da rigar sanyi mai kyau, wataƙila da ruwan shayi ya yi sahur. Kada a yanka musu abin da ba za su iya ba, har kunya ta sa su daina ɗaukar waya. A bar kowa ya faɗi ɗan abin da zai iya aikowa duk wata, a kuma riƙa aika musu da hoton lissafin da ke kan allo ta WhatsApp. Na zauna da irinsu, na san ba abin da ke kashe musu jiki kamar su aiko da kuɗi su ji shiru.

Ni kaina ba zan yi shelar wani adadi a lasifika ba, abin da zan iya na gaya wa ma'aji, za a riƙa cirewa daga albashina kowane wata har a gama. Bayan wannan, in kwamiti ya amince, na ɗauki nauyin zuwa daga Dutse kowace Asabar ta ƙarshen wata in zauna da ma'aji da magatakarda mu daidaita littafi, mu rubuta takardar da za a liƙa. Sharaɗina ɗaya ne, a naɗa dattawa biyu waɗanda ba 'yan kwamiti ba, su riƙa duba abin da muka rubuta kafin a liƙa shi. Littafin da rasit na riga na sayo, suna hannun magatakarda, gudummawar yau ita za a fara shigarwa.

Allah ya karɓa daga waɗanda suka bayar, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya nuna mana ranar buɗe wannan masallaci, ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya.